Hawan keke a kewayen Jos: hanyar ƙauye mai shiru ko babban titi?

Bakano_Mai_Keke:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos, kuma da kekena na tsere zan tafi. A gida na saba fita bayan asuba ta hanyar Gwarzo ko ta Wudil, inda babu tudun da zai sa ka tashi daga kan sirdi. Na daɗe ina sha'awar in samu hanyar ƙauye mai kwalta, wadda mota ba ta cika bi ba, in yi ta hawa da gangara tsakanin duwatsu. Amma kawuna ya ce kada in kuskura in bar babban titi, wai inda jama'a suke nan ne tsaro yake. Ku da kuka san garin, me kuka gani? Kuma ta ina baƙo zai fara?

Dan_Bukuru:
Wa alaikumus salam. Barka da zuwa tun kafin ka iso. Titin Jos zuwa Bukuru dai ka cire shi daga lissafi, tsakanin tifa da 'yan Keke Napep ba za ka ji daɗin komai ba. Ka fara da ɓangaren Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take, ka zagayo ta Kuru wajen NIPSS, cibiyar nazarin manufofin ƙasa. Hawan wajen gajeru ne, kana gama ɗaya kana gangarawa, wani na jiranka. Ga duwatsu jere a kan juna, ga tsofaffin kududdufan kuza cike da ruwa, ga gonakin acca da kayan lambu. Safiyar Lahadi ta fi kowace rana, mutanen ƙauyukan sun tafi coci, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ji ƙarar mota ba.

Injiniya_Sabo:
Kafin maganar hanya, Malam Bakano, ka ƙirga mana haƙoran giyar kekenka. Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ke yawo a Kano na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne: faranti biyu a gaba, 52 da 42 ko 53 da 39, a baya kuma mafi girma 25. Da 39 a gaba da 25 a baya, duk zagaye ɗaya na feda keken zai ci kusan mita 3.3. A tudu mai tsayi wannan ya yi nauyi, gwiwa ce za ta biya. In ka samu 34 a gaba da 32 a baya, zagaye ɗaya wajen mita 2.2 ne kawai, ƙafarka za ta riƙa juyawa da sauƙi kana zaune. Sannan Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa tana wajen 1,200. Kwanakin farko za ka ji numfashinka ya gajarta a hawa. Ba ciwo ba ne, jiki ne ke sabawa, ka bi shi a hankali.

Maman_Ilham:
Ni dai ina bayan kawunka. Haihuwar Jos ce ni, a nan na yi aure, a nan nake renon yarana, ba na son a yi wa baƙo kwalliyar magana. Wuraren da suka fi kyau ga mai keke su ne dai wuraren da suka fi shan wahala: Riyom, Barikin Ladi, Bokkos, Mangu, Bassa. A watan Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba an kashe su. A jajibirin Kirsimetin 2023 an afka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, an kashe mutane da yawa a gidajensu. Kowane ɓangare yana da gawar da yake kuka a kanta. Ƙanena, hanyar da ka ga babu mota, ka tambayi abin da ya hana motar bi. Wani lokaci rashin kasuwa ne, wani lokaci kuma mutane sun ji wani abu ne da kai ba ka ji ba.

Dan_Bukuru:
Hajiya, babu ƙarya a maganarki ko ɗaya, kuma gara da kika faɗa. Abin da zan ƙara shi ne yadda muke yi. Ba ma fita mutum ɗaya. A cikinmu akwai Bahaushe, akwai Birom, akwai Angas, akwai Bayarabe, kuma kusan duk hanyar da za mu bi akwai wanda garinsu ne ko garin surukansa. Ana gobe za mu fita, da dare sai an kira wani a can an ji lafiya. In aka ce akwai ɗan zaman ɗar-ɗar, ko an sa dokar hana fita a wata ƙaramar hukuma, shi ke nan an fasa, babu gardama. Muna fita gari ya waye sosai, mu dawo kafin azahar. Babban titin da kawu yake yabo shi ma yana cin rai, sai dai nasa ba ya shiga labarai sosai.

Baba_Tsohon_Direba:
Yaro ya faɗi gaskiya a kan babban titi. Na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Jos da Akwanga. Direban tirela mai lodi, in yana gangara, ba ya iya kauce maka ko yana so. Kuma daga kujerarsa akwai gefen da ba ya ganin mai keke sam. Duk da haka ni ra'ayina, in dole sai an zaɓa, gara inda za a gan ka a ɗauke ka. A hanyar ƙauye in ka faɗi ka karya ƙashi, wa zai kai ka asibiti?

Sarkin_Gangara:
Ku dai kuna tsorata bawan Allah. Wanda ya zo Filato da keke bai sauka Hawan Kibo ba ai bai ga komai ba. Ka tashi daga Mararrabar Jama'a, ka wuce Riyom ka ga dutsen nan da aka ɗora wa juna, sai ƙasa ta buɗe a gabanka, ka gangara har Assop inda ruwa ke zubowa. Kana sauka kana jin iska tana ɗumi, don ka bar tudu ka shiga kwari. Dawowar ce aiki, amma ita ce ke nuna wane ne mai ƙafa.

Baba_Tsohon_Direba:
Ɗana, kada ka sake ba baƙo wannan shawarar. Hawan Kibo na san shi kwana-kwana. Motocin da birkinsu ya ƙone a wurin ba su ƙirguwa. Kana gaba a keke, tirela ta biyo bayanka babu birki, ina za ka shiga? Dama dutse, hagu rami.

Sarkin_Gangara:
Allah ya ba ka haƙuri Baba. Ban ce ya je gobe ba. Amma ba zan ɓoye masa cewa wurin yana da kyau ba.

Injiniya_Sabo:
Tunda an zo maganar gangara, wannan ita ce darasin da mutumin Kano bai taɓa koya ba, don ba shi da inda zai koya. Kada ka damƙe birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa. Robar birki tana goga bakin wili, wilin ya yi zafi, ƙarfin kamun ya ragu, wani lokaci ma tub ya fashe. Ka riƙa kamawa da ƙarfi kana saki, kana kamawa kana saki. Birkin gaba shi ke tsayar da keke, na baya taimako yake yi, amma in za ka kama na gaba ka ja jikinka baya a kan sirdi. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Fedar da ke wajen kwana ta kasance a ƙasa, ka danna ta da nauyinka. Kuma a ƙarshen kusan kowace gangara akwai gada ko kwalbati, nan ruwan sama ke tara yashi, nan kwalta ke fara fashewa. Wurin da gudunka ya fi yawa shi ne wurin da hanya ta fi lalacewa. Hular kwano kuwa ba sai an ce ba.

Yar_Rayfield:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni mace ce, ina hawa tare da maigidana da ƙannena biyu, yawanci ta Rayfield, wani lokaci mu bi ta Lamingo mu nufi gindin duwatsun Shere. Lissafina ya bambanta da naku. A babban titi abin da ke damuna ba mota kaɗai ba ce, har da masu rage gudu su zuge gilashi su faɗi maganar da ba ta dace ba. A ƙauye kuwa mata ne ke ɗago kai daga gona su ce sannu da ƙoƙari, yara su biyo mu da gudu. Ban taɓa jin an wulaƙanta ni a hanyar ƙauye ba. Matsalata a can karnuka ce. Mutanen wajen suna kiwon su sosai. In kare ya biyo ka a hawa ba za ka tsere masa ba, gara ka sauka, ka sa keken tsakaninka da shi, ka daka masa tsawa har mai shi ya fito.

Maman_Ilham:
Yar_Rayfield, Allah ya ƙara lafiya, kin burge ni. Amma kin lura ke ma ba ki taɓa cewa ke kaɗai kike fita ba. Shi wannan bawan Allah bai san kowa ba tukuna.

Yar_Rayfield:
Haka ne Yaya. Shi ya sa ba zan ce ya fita shi kaɗai ba. Amma in ya tsaya a babban titi ma ba zai taɓa sanin kowa ba.

Na_Gembu:
Ku yi haƙuri in shigo da namu. Duk wanda yake son hawa na gaske ya zo Mambila. Daga Mayo Selbe hanya take fara murɗewa tana hawa dutse har Maisamari, daga nan ka bi ta Nguroje zuwa Gembu, ga gonakin shayi a Kakara. Tudun ya fi na Jos, yawancinsa sama da mita 1,500, ciyawa kore har iyakar gani, shanu a kan kowane tudu. Mota kaɗan ce. Sai dai hazo yakan rufe hanya da safe har ba ka ganin abin da ke gabanka, kuma akwai wuraren da kwalta ta tashi gaba ɗaya. Siririyar taya ba za ta kai ka ba.

Mai_Faci_Terminus:
Na_Gembu ya taɓo sana'ata. Malam Bakano, ka saurara da kyau. Mai facin ƙauye yana da tub na babur da na keken Phoenix, ba shi da naka. Bakin tub ɗin keken tsere siriri ne, famfonsa ba zai kama shi ba sai da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kai, shi kuwa ba ya da tsada, ka saya ka jefa a aljihu. Ka riƙe tub biyu, da famfon hannu, da gam da faci, da ƙaramin makullin da ke kwance kusoshin kekenka. In firam ɗinka zai ɗauka, ka cire taya mai faɗin milimita 23 ka sa mai 28 ko 32, kada kuma ka cika mata iska ta yi tauri. Za ta fi riƙe ƙasa a kwana, ta fi jure rami. Galibin waɗanda ke turo mini keke daga wajen gari, ba ƙusa ce ta huda su ba, bakin rami suka daka tub ya tsage wuri biyu.

Dan_Bukuru:
Ƙari a kan na mai faci: shanu. Da safe makiyaya kan tsallaka da garke, kuma sau da yawa a bayan kwana ne inda ba ka hango su. Ka tsaya cak, ka yi sallama, ka bari su wuce. Kada ka kutsa tsakaninsu, kada ka buga ƙararrawa. Haka in ka tsaya hutawa kusa da gona, kada ka tsallaka shingen mutane don ɗaukar hoto. A wurin da aka sha rikici kan gona da kiwo, ƙaramin abu ba ƙarami ba ne.

Abu_Sumayya:
Babu wanda ya yi maganar ciki. Sanyin Jos yana yaudara, ba ka jin ƙishi amma kana zufa, iska na busar da ita. Ka sha ruwa ko ba ka so. In tafiyar za ta wuce awa ɗaya da rabi ka riƙa cin wani abu tun kafin yunwa ta zo. Ni dabino nake zubawa a aljihu, da ayaba, wani lokaci ƙuli-ƙuli. Wanda ƙarfinsa ya taɓa yankewa a tsakiyar hawa ya san abin da nake nufi: ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu, ga gida da nisa.

Yar_Rayfield:
Da hunturu kuma safar hannu mai rufe yatsu. A Disamba da Janairu, in ka gangara da sassafe yatsunka kan ƙage har ka kasa jan birki. Ka shafa man kaɗanya a leɓe. Da damina ka fita da wuri, don ruwan nan ya fi zuwa daga rana zuwa yamma, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma tsawa a kan fili mai tudu ba abin wasa ba ce.

Dan_Adar:
Gaisuwa daga Tawa. Mu ma nan Adar muna da tuddai, wajen Keita da Buza, sai dai namu dutse ne da rana, babu sanyinku. Abin da Hajiya ta ce haka yake ko'ina. Akwai hanyoyin da muke bi da, yanzu an bar su. Mutanen wuri kaɗai ke gaya maka wadda ke biyuwa a wannan watan.

Kigali2025:
Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da ƙasar amma ba mu da tsarin. Ku dubi Ruwanda. Ƙasar tuddai ce zalla, ita ma ta ga tashin hankalin da ya fi namu a 1994, amma a watan Satumban 2025 ita ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka. Tseren maza ya kai kilomita 267, da hawan da jimillarsa ta haura mita 5,000, Tadej Pogačar ya ci. A birnin, wasu ranakun Lahadi da safe ana rufe manyan tituna a bar wa masu keke da masu gudu. Ga Iritiriya, Asmara tana sama da mita 2,300, ita ta fitar da Biniam Girmay wanda ya ci koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a gasar Tour de France ta 2024. Filato da Mambila ba su rasa komai na halitta ba. Mu kuwa a gasar Olamfik ta Faris, Ese Ukpeseraye sai da 'yan Jamus suka ara mata keke ta shiga tseren cikin fili.

Injiniya_Sabo:
Duk gaskiya ne, amma Malam Bakano ba Olamfik ya tambaya ba. Hanyar da zai bi ranar Asabar yake nema.

Kigali2025:
Ai maganar ɗaya ce Injiniya. Da ana rufe ko da titi ɗaya a Jos safiyar Asabar, da wannan muhawarar ba ta taso ba.

Bakano_Mai_Keke:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, na ƙirga: 52 da 42 a gaba, 25 a baya, taya 23. Ke nan duk abin da kuka ce a canza shi nake da shi. Hajiya Maman Ilham, maganarki ta shige ni, kuma zan karanta wa kawu ita. Amma har yanzu zuciyata tana wajen hanyar ƙauyen. Abin da ya sa nake hawa keke tun farko shi ne in samu wurin da zan ji numfashina da ƙarar sarƙa kawai, in yi tasbihi, in dawo da kai wasai. A bayan tifa ba a samun wannan. Tambaya ta ƙarshe: a Kano zan sayi kayan ko in bari sai na zo?

Mai_Faci_Terminus:
Ka duba Sabon Gari tun kana can, kasuwarku ta fi tamu kaya. Amma ka tafi da keken, kada ka saya da ka. In za ka sa 32 a baya, abin canza giyar ma sai mai dogon hannu, gajeren ba zai hau ba, kuma sarƙa sai an ƙara mata tsawo. Da 42 a gaba kuwa ko 32 ɗin ba zai wadatar ba a babban hawa, ka nemi farantin 34 tare da hannun fedarsa.

Injiniya_Sabo:
In kuɗi bai kai duka ba, fara da na gaban da sabuwar robar birki. Tayar ta jira wata mai zuwa.

Baba_Tsohon_Direba:
Ni ban canza ba. Amma in za ka bi yaran nan, ka sa riga mai haske, ka ɗaura jar fitila a baya ko da rana ce, ka rubuta lambar wani naka a takarda ka sa a aljihu. Kuma ka gaya wa mutanen gidan da ka sauka hanyar da ka bi da lokacin da za ka dawo.

Maman_Ilham:
Ni ma ban canza ba, ƙanena. Ka zo ka zauna tukuna, ka san maƙwabta, ka san sunayen unguwanni da na ƙauyuka, ka iya gane lokacin da gari ya yi wani iri. Duwatsun ba inda za su je. In ka matsu, zagayen Rayfield ya ishe ka wata na farko.

Sarkin_Gangara:
Bayan watan farkon kuma sai Panyam zuwa Pankshin, ka ga tsaunukan Kerang. Wannan ko Baba ba zai ce akwai tirela da yawa ba.

Dan_Bukuru:
Waccan sai an tambayi mutanen Mangu tukuna, ba a yanke ta daga nan. Malam Bakano, in ka sauka ka yi mini magana ta akwatin sirri. Asabar ta farko ba za mu wuce Vom ba, kuma akwai mai shayi a hanya da muke tsayawa wurinsa. Ka taho da tub ɗinka biyu.